Tambayi Malamin Kimiyya: Dattijon da ke jijjiga tulu a gareji

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina karatun digiri na biyu kan harkar akanta a jihar Ohayo ta Amurka. Ɗakin da nake haya yana saman garejin wani dattijon Bature, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda ba shi da aiki ranar Asabar sai dafa giyarsa ta gida. Makon jiya na sauko zan fita, na tarar da shi a durƙushe, ya rungume wani ƙaton tulun gilashi, ya ɗora gindin tulun a kan ƙwallon tanis, yana ta jijjiga shi gaba da baya, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ruwan da ke ciki kalar shayi ne, ya yi kumfa har wuya. Na tambaye shi me yake yi, ya ce iska yake ba shi kafin ya zuba yis. Ni kuwa abin da aka koya mana a sakandare shi ne, yis ba ya mayar da sukari barasa sai a inda babu iska. Da na faɗa masa haka sai ya yi dariya, ya ci gaba da aikinsa. Malam, ni ba mashayi ba ne, Allah ya tsare, amma abin ya tsaya mini a rai. Wa ke da gaskiya, malaminmu na bayoloji ko mai gidan haya?

Ɗalibinka, daga Ohayo.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Sai da wasiƙarka ta kwana biyu a kan teburina kafin na ɗauki biro, don na san akwai wanda zai ga kalmar giya a wannan shafi ya ce Malam ya fara sakin layi. Hukuncin giya a wurin Musulmi a fili yake, kuma ba shi ka tambaye ni ba. Ilimin yis ka tambaya. Halittar da ke cikin tulun dattijon nan ita ce dai wadda ke tayar da burodi da fanke da alkubus, ita ke yin barasar rake da ake zuba wa motoci a Birazil, ita ta yi yawancin barasar man goge hannun da muka yi ta shafawa a zamanin Korona. Ɗalibaina ma suna amsa wannan tambaya a jarrabawa, rabinsu kuma suna faɗuwa a daidai inda ka tsaya.

Kada ka yi mamakin ganin yana abinsa ƙofar gareji a buɗe. Tun 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum dafa giyar shansa a gida, muddin ba sayarwa zai yi ba.

Bari mu fara da abin da ke cikin tulun. Sha'ir ne aka jiƙa har ya tsiro, aka busar, aka ɓarza. Dattijon ya zuba shi a ruwan zafi, wajen digiri 65, ya bar shi kamar awa guda, har sinadaran da ke cikin tsiron suka narkar da sitaci ya koma sukari. Duk wadda ta taɓa zuba tsiro a kunun zaƙi ta ga ya tsinke ya yi zaƙi ba tare da ta sa sukari ba, ta san wannan aikin da hannunta. Sai ya tace, ya tafasa ruwan na awa ɗaya ko fiye, tare da wani fure mai ɗaci da suke kira hof. A tafasar nan matsalar take. Ka taɓa lura da tukunyar ruwa a kan wuta, tun kafin ta tafasa za ka ga 'yan ƙananan kumfa sun manne a jikinta? Iskar da ke narke a cikin ruwan ce take gudu. Bayan awa guda ana tafasa, babu sauran oksijin a ciki. Saboda haka ruwan da ya sanyaya ya juye a tulu, ga sukari, ga abinci, amma babu iska ko ta misƙala zarratin.

To me yis zai yi da iska?

Yis ƙwayar halitta ce guda ɗaya tal, kuma kowace ƙwaya tana lulluɓe da wani siririn tantani. Ta wannan tantanin sukari ke shiga, ta nan barasa ke fita. In ya yi kyau ƙwayar ta yi aiki, in ya yi rauni barasar da ita kanta ta yi ce za ta kashe ta. Abu biyu ke riƙe da shi. Na farko wani sinadari ne mai suna argostirol, ɗan'uwan kolastarol ɗin da likitoci ke auna mana a jini. Na biyu mai ne irin wanda ba ya saurin daskarewa. Ka tuna safiyar hunturu a gida, manja ya sandare a kwalba sai an kai shi rana, man gyaɗa kuwa yana nan yana zuba. Irin na biyun nan yis ke so, don tantaninsa ya kasance da laushi. Duka biyun kuma ba ya iya ƙera su sai da oksijin.

Ga kuma inda abin ya ƙara armashi. Yis ba ya haihuwa, toho yake yi. Wani ɗan ƙulli ne zai fito a gefen uwar, ya girma, ya ɓalle. In babu iska, uwar ba ta iya ƙera sabon argostirol, sai dai ta raba wanda take da shi tsakaninta da 'yar. Ita ma 'yar ta raba da tata. Kamar uwa ce mai zane ɗaya, ta yaga wa 'yarta rabi, 'yar ta yaga wa jika, kafin a kai ga tattaɓa-kunne ba abin da ya rage sai ƙyalle. Bayan rabo uku ko huɗu toho ya tsaya. Shi kuwa mai dafawa yana bukatar yis ɗin da ya zuba ya yaɗu sosai kafin ya iya cinye sukarin da ke cikin tulun nan mai cin lita 19. Wasu masana biyu, Andreasen da Stier, su suka tabbatar da wannan a 1953 da 1954 a Jami'ar Indiyana, jihar da ke maƙwabtaka da inda kake zaune. Sun hana yis iska gaba ɗaya, ya ƙi yaɗuwa. Da suka ba shi argostirol da irin man nan a cikin abincinsa, sai ya ci gaba da toho ba tare da iska ba.

Malaminka na bayoloji bai yi ƙarya ba, rabin karatun ya ba ku. Tun 1861 Louis Pasteur na Faransa ya lura cewa yis in ya sami iska yana yaɗuwa sosai, yana rage yin barasa. Daga nan littattafan sakandare suka ɗauko maganar da ka haddace. Abin da ba su faɗa ba shi ne, wannan yana faruwa ne in sukarin kaɗan ne. In aka jefa yis cikin ruwan da ya sha sukari, irin na tulun nan da ya kai kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, to ko ka hura masa iska barasa zai yi. Ya ga banza ta faɗi, ba zai tsaya ƙona sukari a tsanake ba, wawura yake yi. Masana suna kiran wannan hali da sunan wani Bature ɗan Ingila, Herbert Crabtree, wanda ya fara bayyana irinsa a 1929. Saboda haka iskar da dattijon ke cusawa ba ta numfashi ba ce. Kayan gini ce. Cikin 'yan awoyi yis ya shanye ta ƙaf, ya gina tantaninsa, daga nan har ƙarshen aikin a rufe ake yi, kamar yadda aka koya muku.

Nawa ake nema? Kaɗan ne ƙwarai. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin, kuma komai jijjigar mutum ba zai narkar da abin da ya wuce kimanin miligiram 8 a kowace lita ba. Ka ninka da lita 19, ka sami miligiram 150 da 'yan kai. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya miligiram 500 ce. Wato duk gumin da ka gani a gemun nan, a kan abin da bai kai sulusin ƙwayar magani ba ne. Amma in aka rasa shi, yis zai yi nawar tashi, ya yi kwana biyu yana ja da ƙyar, ya tsaya a rabin hanya ya bar ruwan da zaƙi-zaƙi, sau da yawa kuma da wani wari mai kama da ayaba ko maganin goge farce.

Hanyoyin ba su da yawa. Akwai masu juye ruwan daga sama ya fantsama, akwai masu kwarara shi daga bokiti zuwa bokiti kamar yadda mai shayi ke fifita shayi tsakanin kofi biyu. Akwai jijjigar da ka gani, wadda in an yi ta da gaske na 'yan mintoci tana kai wa ga miligiram 8 ɗin nan. Wasu suna sayen ɗan famfon da ake hura wa kifin ado iska, su sa masa matata a bututu, domin iskar ɗaki ba ta rasa ƙwayoyin cuta, ruwan zaƙin da aka tafasa kuwa gona ce da aka share, duk wanda ya riga zuwa shi zai shuka. Masu zurfafawa kuma suna sayen ƙaramar tukunyar oksijin zalla irin ta masu walda, su haɗa ta da wani ɗan dunƙulen ƙarfe mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, su saki iska na minti guda. Da wannan ne kaɗai ake wuce miligiram 8, a kai 10 ko 15. Wanda ruwansa ya yi kauri da sukari sosai shi ke bukatar haka, don ruwa mai kauri ba ya riƙe iska da yawa, ga shi kuma yis ɗinsa ne zai fi shan wuya. A ganina, ga ruwa na yau da kullum, jijjiga ta wadatar. Abin da ban so ba a labarinka shi ne tulun gilashi mai nauyin sama da kilo 20 a kan ƙwallon tanis, a hannun tsoho mai gumi. Irin tulun nan in ya fashe yanka yake yi kamar wuƙar mahauci. In kun gaisa ka ce masa ya koma na roba, wannan kam haƙƙin maƙwabtaka ne.

Da ka ƙara tsayawa za ka ga wani abu. Bai fara jijjigar ba sai da ruwan ya huce ya sauko wajen digiri 20, don ruwan zafi ba ya riƙe iska. Kuma yana zuba yis zai toshe bakin tulun da wani ɗan lanƙwasasshen bututu mai ruwa a ciki, wanda ke barin iskar da yis ke fitarwa ta fita tana ɓul-ɓul, amma ba ya barin ta waje ta shiga. Daga wannan lokacin mutumin da ya yi gumi wajen cusa iska, shi ne zai riƙa tafiya da tulun kamar mai ɗauke da ƙwai don kada ya motsa. In oksijin ya shiga bayan yis ya gama aiki, ba mai shanye shi, sai ya faɗa wa ruwan kansa, ya tsufar da shi, ya ba shi ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali. In kuma wasu ƙwayoyi da ake kira asitobakta suka samu shiga tare da iskar, sai su mayar da barasar tsami. Abin da ke faruwa da burkutu ke nan a garuruwan da ake dafa ta da dawa a manyan tukwane a buɗe, kwana ɗaya ko biyu ta yi tsamin da ba ta sayuwa. Masu dafa ta ba su san sunan asitobakta ba, amma sun san ranar dahuwa da ranar kasuwa ba sa nesa da juna.

Yanzu bari in ba ka labarin kunyar da na sha, don akwai darasin da ya shafi mai gidanka a ciki. Shekarun baya na so in nuna wa 'yan aji wannan abu da idonsu. Na tafasa ruwan sukari da ɗan abincin yis, na raba kwalba biyu. Ɗaya na girgiza ta har hannuna ya gaji, ɗaya na lallaɓa ta ko motsi ban bari ta yi ba. Na sayo busasshen yis na leda a kasuwa, na auna daidai wa daida, na ɗaura balan-balan a bakin kowace. Na cika baki a gaban yara cewa gobe za su ga bambanci. Washegari muka shigo, balan-balan biyu sun kumbura tamkar tagwaye. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wacce ce aka girgiza?" Aji ya ɗauki dariya.

Laifina ne, na manta yadda ake yin busasshen yis. A masana'anta ana kiwonsa ne a ruwan maɗin rake ko na gwoza, wata saiwa mai zaƙi da Turawa ke yin sukari da ita, ana hura masa iska ba dare ba rana, ana ɗiga masa sukari kaɗan-kaɗan don kada ya koma wawura. Yana fitowa da tantani ƙosasshe, da guzurin argostirol da zai ishe shi rabo uku ko huɗu. Shi ya sa kamfanonin da ke sayar da shi, irin su Fermentis da Lallemand, suke cewa a zubin farko ba sai an ba shi iska ba. Da na kwashe laka-lakan yis ɗin da ya kwanta a gindin kwalbar da ba a girgiza ba, na maimaita gwajin da shi, sai ga bambanci ya fito, a zagaye na uku kuwa kwalbar da ba ta sami iska ba da ƙyar ta ɗaga balan-balan. Guzuri ya ƙare. Saboda haka ka tambayi dattijon wane yis yake zubawa. In na ruwa ne, ko wanda ya kwashe daga dahuwar baya, jijjigarsa na kan hanya. In busasshe ne sabo daga leda, yawancin gumin nan motsa jiki ne kawai, wanda a shekarunsa ma ba asara ba ne.

Wani abin dariya, a 2005 an yi gwaji a wani kamfanin giya mai suna New Belgium a jihar Kolorado, inda maimakon iska suka ba yis ɗan ɗigon man zaitun, tunda dai mai yake nema. Ya yi aiki, sai dai ya ɗan fi jinkiri. In ka koma kan abin da Andreasen da Stier suka gano, ba za ka yi mamaki ba.

TAMBAYA: Malam, ina sana'ar fanke da alkubus a Tudun Wada, Zariya. Ƙulluna wata rana ya tashi har ya ture murfi, wata rana ya kwanta kamar an yi masa baki. Maƙwabciyata ta ce in riƙa buga shi sosai iska ta shiga, kuma in daina rufewa don yis na son iska. Haka ne?

Uwargida mai fanke.

AMSA: Hajiya, maƙwabciyarki ta yi daidai a bugu, ta kauce a murfi. Ki ci gaba da bugawa, amma dalilin daban ne. Yis ba ya iya ƙirƙirar sabon kumfa a cikin ƙullu, iskar da yake fitarwa tana neman 'yan ƙananan kumfan da hannunki ya riga ya cusa ne, ta shiga ta kumbura su. In kin buga da kyau kumfan sun yi yawa, fanke ya fito da ƙananan idanu da laushi. Bugun kuma shi ke sa fulawa ta yi danƙon da zai riƙe iskar. Oksijin ɗin da ya shiga kuwa cikin 'yan mintoci yis ya shanye shi, kuma busasshen yis ɗin da kike saya ya zo da guzurinsa, awa ɗaya ko biyun da zai yi a robarki ba za su ƙarar da shi ba. Barin ƙullu a buɗe ba abin da zai ƙara miki sai ɓawon busasshe a sama da ƙurar hunturu.

Ni inda nake zargi uku ne. Ledar yis da aka buɗe aka ɗaure da ƙyauro aka ajiye kusa da murhu, mutuwa take yi a hankali. Ki juye shi a kwalba mai murfi, ki sa a firji in akwai, in babu ki riƙa sayen ƙananan leda. Sai ruwan kwaɓi: wanda ya kai digiri 55 zuwa 60 kashe yis yake yi, abin da yake so shi ne ɗumin da za ki yi wa jariri wanka da shi. Sai sanyin safiya, wanda ke sa ƙullun da ke tashi a awa ɗaya da bazara ya nemi awa biyu ko uku a watan Janairu. Kafin ki zuba fulawar mudu biyar, ki gwada: rabin kofin ruwan ɗumi, ƙaramin cokali na sukari, ƙaramin cokali na yis. In minti goma ya wuce bai yi kumfa ba, ki zubar, asarar cokali ɗaya ta fi ta mudu biyar sauƙi.

TAMBAYA: Malam, na jiƙa ɓawon abarba da sukari a jarka na rufe gam, ina son in sami ruwan khal. Wata guda ke nan, ba tsami sai warin barasa.

Wani magidanci, daga Kaduna.

AMSA: Malam, murfin ne ya tsayar da kai a rabin hanya. Khal aikin ma'aikata biyu ne. Yis ya gama nasa, saura asitobakta, su kuwa tun daga farko har ƙarshe da iska suke aiki. Ka tace ɓawon, ka juye ruwan a kwalba ko roba mai faɗin baki, kada ta wuce rabi, ka ɗaure bakin da tsaftataccen ƙyalle don ƙudaje, ka ajiye a inuwa mai ɗumi. Kada ka yi amfani da kwanon ƙarfe, tsamin zai ci shi. In kana da khal ɗanye wanda ba a dafa ba, ka zuba ɗan kofi guda ya zama iri. Batun halaccin mayar da barasa khal da gangan kuwa, malaman fiƙihu sun yi saɓani a kai, ka kai wa malamin unguwarku. Bayan mako uku zuwa shida za ka ga wani farin abu mai santsi kamar tantanin ƙwai ya shimfiɗu a saman ruwan. Ba ruɓa ba ce, uwar khal ke nan. Ka ɗebe ta da cokalin katako ka ajiye a ɗan ruwan, da ita za ka tayar da na gaba. In kuwa gashi-gashi ka gani, kore ko baƙi, to funfuna ce, ka zubar da duka ka wanke kwalbar da ruwan zafi.